Nauyin Jaka

Mun bar Santa Cruz da zafinta a ƙeyarmu,
ni da Evaristo, jaka biyu, bargo ɗaya,
da ɗan littafin da nake rubuta kowane kwabo:
wa ya biya shayi, wa ya biya mota,
don na ji an ce kuɗi ke kashe zumunci a hanya.

A Sucre ya ranci sha biyu a hannuna.
Na rubuta. Ya leƙo, ya yi dariya.

Daga nan ƙasa ta kama hawa.
A Potosí iska ta yi mana rowa,
in shaƙa, in ƙara shaƙa, ƙirji bai cika ba,
kai kuwa kamar ana sussuka a cikinsa.
Doña Basilia mai kunun masara a bakin kasuwa
ta dube ni ta ƙarƙashin hularta mai kama da tukunya,
ta damƙa mini ganyen koka: tauna, kar ka haɗiye.
Dutsen can, in ji ta, shi ya ci mijina da ƙanensa,
azurfa ta haye teku, tari ya zauna a gida.
Ta ƙi karɓar kuɗin ganyen.
Na rasa layin da zan sa wannan,
na bar gurbin fari, na rufe littafin da kunya.

Kafin Uyuni masu haƙar ma'adinai
sun jera duwatsu, sun tare titi.
Direba ya kashe mota, ya rufe fuska da hula.
Yaushe za a buɗe? Gobe. Ko jibi. Ko.
Muka sauka. Kilomita ashirin da bakwai a ƙasa.
A nan muka yi ta.
Na ce arharsa ce ta jefa mu a motar nan,
ya ce ni ba aboki ba ne, akawu ne,
na ce akawun ne dai ya ciyar da kai jiya.
Shiru ya shigo tsakaninmu,
ya zama na uku a tafiya.

Lama, 'yan raƙuman nan marasa tozo,
da jan zare a kunne,
suna tuƙa, suna binmu da ido
kamar sun san mai gaskiya.

Can na ji ƙafata ta yi sauƙi.
Na ce jiki ya saba, ganye ya yi aiki.
Na buɗe ƙirji, na wuce shi,
na bar shi yana haki a baya.

Da dare Don Fermín, malamin ƙauye,
ya buɗe mana aji, muka haɗa benci biyu.
Na laluba jakata neman risho. Babu.
Tukunya babu. Gwangwanin kifi huɗu, babu.
Evaristo ya riga ya yi nisa, baki buɗe,
jakarsa ta kife a gefe,
ga kayana nan sun leƙo ɗaya bayan ɗaya.
Tun Potosí ke nan. Tun daren da na kasa numfashi.
Na haska tocila a kafaɗarsa:
layi biyu, ja wur,
inda fata ta sha igiya.

Da safe gishiri, iyakar ganin ido, fari fat.
Ruwan sama ya kwanta a kansa ɗan siriri,
gajimare a sama, gajimare a ƙarƙashin takalmi,
ba ka sanin inda ƙasa ta tsaya.
Sanyi ya hana risho kamawa.
Na yage shafin Sucre, na ƙyasta ashana,
sannan na Potosí, har da farin gurbin.
Ya kalli wutar, ya kalle ni.
Sha biyun fa? in ji shi.
Na ce suna nan, na haddace.
Ya shaƙe da shayi.
Na rataya jakarsa, ya rataya tawa,
na durƙushe sau biyu kafin na miƙe,
bai taimake ni ba, yana ta dariya.